Gonar tudu: yadda aikin farfaɗo da ƙasa ke tafiya

9 Disamba 2023

Gonar gadonmu ce, ni da Yaya, tana arewa da Gumel, ba nisa da hanyar Maigatari. Yawancinta jigawa ce, farin rairayi, sai kusurwar yamma da ta zama fako. Can ƙasa ta daskare kamar daɓen ɗaki, ruwa in ya sauka ta kai yake bi ya wuce hanya. A zamanin mahaifinmu dawa ake yankewa a kusurwar nan. Yau ko ƙarangiya ba ta son wurin.

Geron da ya shiga rumbu bana bai kai na bara ba, na bara ma bai kai na bara waccan ba, alhali ruwa bai yi mana rowa ba. Ƙasar ce ta gaji. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke kuɗin takin zamani ya fi ƙarfin malamin firamare irina, cire tallafin mai a Mayun bana kuma ya ɗora kuɗin dako a kai. Ko ka yi ta maza ka sayi yuriya, rairayin da ba ruɓaɓɓen ganye a cikinsa ba ya riƙe ta, ruwa biyu masu ƙarfi sun ishe su wanke ta zuwa inda saiwar gero ba ta kaiwa.

Mun zauna da Yaya mun yi magana guda. Ba ƙona gona. Ba tumɓuke kututture. Rabin kara zai kwana a inda ya tsiro. Fako kuma za mu haƙa masa ramuka irin na mutanen Tawa ta Nijar, wanda suke kira tassa. Yaya zai riƙa lura kullum, ni in zo ƙarshen mako da ɗan abin da albashi ya bari.

A makon nan na ga labarin rasuwar Yakuba Sawadogo, manomin nan na Yatenga a Burkina Faso wanda ya mayar da fako daji da ramuka da taki, har aka ba shi lambar Right Livelihood a 2018. Allah ya jiƙansa. Aikinsa muke shirin kwaikwaya.

6 Janairu 2024

Ashe kara shi ne rigimar. A garinmu babu karan banza: da shi ake danga, da shi ake hura wuta, ana dafa tokarsa, tumaki su ci karmaminsa, abin da ya rage a sayar wa masu kiwon turke da kuɗi a hannu. Matar Yaya ta tambaye ni, cikin ladabi amma ba da wasa ba, da me za ta dafa tuwo a watan bazara in an bar wa gara itacenta. Tambayar tana kan hanya. Duk wanda ya tsaya a ɗakin taro yana cewa manomi ya bar kara a gona, ya fara amsa wannan tambayar tukuna. Mun daidaita a kan zan sayo mata itace daga baya, reshen da za mu sassabe daga kalgo da sabara kuma nata ne.

Baffa ya zo ya tsaya a bakin gona yana kallon karan da muka kwantar a jere, gicciye da inda iska ke fitowa. Ya ce, "Ɗan nan, gonar ubanku kuka bari haka kamar ba magada?" Na ce, "Baffa, a yi mana haƙuri zuwa kaka." Ya girgiza kai ya wuce. A wurinsa gona mai tsabta ita ce shaidar namiji, kuma haka aka koya masa.

Yaya ya gana da Arɗon Fulanin da suka sauka gabas da gari. Sharaɗin shi ne na da can: shanunsu su kwana a tsakiyar jigawar, a riƙa matsar da mashekari daga wuri zuwa wuri, su ci karmami da ɗan karan da bakinsu ya iya, mu ƙara musu da gero. Kashin shanu da fitsarinsu a nan take suke shiga ƙasa, ba kuɗin amalanke. Fitsarin ma shi ne abin da mai kwaso taki daga gida yake asara bai sani ba, don a turke yake tsiyayewa.

3 Fabrairu

Yau aka yi aikin kututture, kuma shi ya fi kwanta mini a rai.

Kafin a rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 nakan je wurin kawuna a ƙasar Magarya. Duk wanda ya bi hanyar nan da rani ya san abin da ido ke gani: gawo a kowace gona, kore shar, alhali komai ya bushe. Ba shuka su aka yi ba. Tsiro ne da kututture da manoma suka daina sarewa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a Maraɗi a 1983, dashen yana ta mutuwa, sai ya lura cewa 'yan ƙananan duhuwoyin da ake sharewa kowace bazara tohon manyan itatuwa ne da saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, don an haɗa aikin da rabon abinci. Da aka daina rabon wasu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka ɗauka. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam daga baya sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Can suna ce masa sassaben zamani. Mutanen Damagaram kuwa za su gaya maka ba sabon abu ba ne a wurinsu, don tun zamanin Sarki Tanimu akwai hukunci mai tsanani ga wanda ya sari gawo.

Yadda muka yi: kowane kututture ka durƙusa ka duba tohonsa, ka zaɓi biyu zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ka yanke saura. Adda ta zama mai kaifi, kuma daga ƙasa ake sara zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye ya bar rauni. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Muka ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, alamar yana da mai shi. Kalgo ne ya fi yawa, sai sabara, sai aduwa da magarya kaɗan, da gawo matashi a tsakiyar gona wanda shekara da shekaru garma ke datse masa kai.

Gawon nan nake ji da shi. Shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, lokacin da gero ke son rana, ya fito da sabo da rani. Ganyen yana zuba daidai lokacin shuka ya ruɓe a gindinsa, dabbobi kuma sun gama shan inuwa a nan duk rani sun bar kashinsu. Dangin wake ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saya a buhun yuriya. Aibinsa ɗaya, ba ya sauri.

2 Maris

Muna gaggawar tassa kafin azumi, don ba mai ɗaga diga a fako da ƙishirwa. Fartanya ba ta ko yi wa wurin ƙwarzane. Rami faɗinsa kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami taki ɗaya na babban mutum. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare, ta zama ɗan shinge mai tare ruwa. Layi na biyu a sa raminsa a tsakanin biyun layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Hekta guda takan ci rami wajen 10,000, shi ya sa muka tsaya a rabin fakon bana. Samarin da muka ɗauka ƙwadago sun ce da sun san haka ne da sun ƙara kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba.

Malamin gona ya leƙo ya ce kada mu kuskura mu haƙa a jigawa, rairayi zai cike ramin kafin ruwa ya zo, kuma jigawa ba ta da matsalar shan ruwa, riƙewa ne ba ta yi. Shi ya ba mu labarin manoman Illela ta jihar Tawa da aka kai Yatenga a 1989 suka ga ramukan, suka dawo suka gwada. Shekarar da ta biyo aka yi fari, gonakin ramuka suka ba da abinci, na kusa da su suka tashi a tutar babu. Daga nan har fako ya fara kuɗi a can, mutane na saye don su gyara.

20 Afrilu

An yi salla, zafi ya kai inda ya kai. Mun zuba taki a ramuka, cikin tafi biyu kowanne. Takin daga bayan gida ya fito: kashin awaki, toka, ƙaiƙayi da shara, wanda matar Yaya ta riƙa watsa wa ruwan wanke-wanke. Da muka buɗe shi ya yi baƙi, ba wari, gwazarma sun yi ƙiba a ciki. Wanda muka ƙaro daga jujin gari kuwa rabinsa leda ce da fasassun kwalabe da mataccen batir. Yara sun wuni suna tsincewa. Takin juji na yanzu ba irin wanda jakunan kakanninmu ke kaiwa gona a mangala ba ne.

Na ɗaga wani kara a bakin fako. Ƙarƙashinsa gara ta yi gini, ta lulluɓe shi da jar ƙasa, cikinsa ya zama fanko. Na kankare ginin da ɗan tsinke, sai ga ƙananan huji suna gangarawa cikin ƙasar da diga ke tsalle a kanta wata guda da ya wuce. Ta nan ruwa zai bi. Yaya, wanda duk rayuwarsa gara abokiyar gabar rumbunsa ce, ya durƙusa ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

A jigawa kuma kowane layin kara ya tara rairayi da ƙura a bayansa, har ya yi ɗan tudu. Ƙurar hunturun nan da muke tsinewa, wadda ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da gishirin da ƙasa ke so. Gonar da aka share tas ba ta da abin tare ta, tata ƙasar ma tashi take yi ta bi iska.

24 Yuni

Ruwan shuka ya samu bayan babbar salla. Mun shuka dawa a ramuka, gero a jigawa. Takin zamani na kamfa buhu guda ba ma cikakke ba muka iya saya, don haka ba watsawa: murfin kwalbar lemo ɗaya, wajen giram 6, a gefen kowane gurbi, a rufe. Wannan dabarar cibiyar binciken noma ta ICRISAT ce ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa ta. Ni ban ga dalilin gaba da takin zamani ba. Ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin da takin supa ke bayarwa, kuma takin gida kaɗai ba ya cike wannan giɓin da wuri. Abin da nake ƙi shi ne a zuba shi a ƙasar da ba za ta riƙe ba.

Wake zai shiga nan da mako biyu zuwa uku. A wani yanki za mu gwada tsarin da masu binciken noma na cibiyar IITA a Kano suka fito da shi, layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, maimakon 'yan tsirarun wake a ƙarƙashin gero inda inuwa ke danne su. Yaya bai so ba, ya ce gero ake ci. Mun raba gardama da ba tsarin kusurwa guda.

27 Yuli

An yi kwanaki ba ruwa a farkon wata. Geron maƙwabta ya naɗe ganye da rana tsaka, namu na jigawa ma haka, ban da wanda ke kusa da kalgo da sabara da wanda ke kan tsohon mashekari. Dawar ramuka ko a jikinta. Na tura yatsa a gindin ɗaya, da danshi. A Senegal an yi bincike a kan sabara da kalgo aka ga saiwarsu na jawo ruwa daga can ƙasa da dare, ta sake shi a sama inda gero ke iya sha. Tsofaffinmu sun daɗe da sanin geron gindin sabara ya fi kyau, duk da haka kowace shekara a sare ta a ƙone.

Inda shanu suka kwana ana gane shi daga nesa, gero ya yi duhu ya fi saura tsayi, tabo tabo a cikin gona. Inda ba su kai ba yana nan jiya i yau.

Na tuge wake guda don in nuna wa ɗan Yaya. A jikin saiwar akwai 'yan ƙulli ƙulli kamar ƙwayar dawa. Na murje ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. Na ce masa in ka ga ja, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna ɗebo abinci daga iska suna ba waken, ƙasa ma ta samu rabonta. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi. Ya bi layi yana son tuge wani, sai da na hana shi.

Wuta-wuta ta fito a gefen kudu, inda ƙasa ta fi talauci, kamar yadda ta saba. Muna cire ta kafin ta yi fure, mu fitar da ita daga gona gaba ɗaya. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar gero. Wanda ya bari ta yi furen nan mai kyan gani ya shuka wa 'ya'yansa wahala. Baɗi wannan gefen gyaɗa ko riɗi za a sa, a hutar da shi daga gero.

24 Agusta

Ruwa ya yi yawa. Jihar nan ambaliya ta ci gidaje da gonaki a ƙananan hukumomi da dama, Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Mu tudu muke, amma ramukan layin ƙasa sun cika sun kwana da ruwa, dawar cikinsu ta yi rawaya. Tassa maganin fari ce, shekarar ruwa tana da nata ciwon. Yaya ya fasa shingen wasu don ruwan ya wuce. Na layin sama lafiya lau.

Abin da ya faranta mini rai shi ne hanyar da ke bayan fako. Kowace shekara ruwan gonarmu ke yanka ta ya bar kwazazzabo. Bana ruwan da ya fita kaɗan ne, kuma bai yi ja sosai ba.

12 Oktoba

Gero ya shiga rumbu, an fara roron wake, dawa na jiran lauje. Geron jigawa ya ɗan fi na bara, ba wani abin a zo a gani ba, kuma ruwan bana yana da hannu a ciki, don maƙwabtan da ba su yi komai ba su ma sun samu. Ba zan ce ƙasar ta warke ba. Rairayin da aka yi shekara talatin ana kwasa ba a mayarwa ba ya dawowa a damina guda.

Fako ne ya ba da mamaki. Wurin da ba a sa wa sungumi tun ina saurayi, yau zangarniya ce ke sunkuye a kai. Baffa ya zo da kansa, ya kama ɗaya ya auna a tafinsa, ya ce, "To, da ruwan ciki akan ja na rijiya." Bai ce mun yi daidai ba, amma ya tambayi zurfin ramin.

Kusurwar layi 2 da layi 4 ta ba da wake da harawa fiye da duk sauran gonar a haɗe. Harawar ta fi ba ni sha'awa, don ita za ta sayi 'yancin kara: in tumaki na da abin ci a kan rufin ɗaki, ba mai zuwa kwasar abin da muka kwantar a gona. Yaya ya ce baɗi a ƙara faɗin kusurwar, amma kada in yi zaton zai bar gero.

8 Fabrairu 2025

Da ake share ramukan bara don sake zuba taki, Yaya ya ga 'yan tsirrai masu ƙananan ƙaya a cikin wasu. Gawo ne da bagaruwa. Awaki sun ci 'ya'yan, irin ya bi ta cikinsu ya fito a taki, ramin ya ba shi danshi. Mun kewaye waɗanda suka fi ƙarfi da ƙayar magarya. Ramukan ba sai an sake haƙa su ba, gyara kawai, don haka ƙarfin bana zai tafi ga sauran rabin fakon, kuma dole a gama kafin azumi ya kama a farkon Maris.

Kalgon da muka sassabe bara wasu sun wuce kaina. An yi musu aski na biyu, matar Yaya ta kwashe itace mai ɗan dama, ta ce na bana ya fi na bara kauri.

Sai dai an shiga gonar da dare. An sare sabara da dama daga tushe, jan ƙyallen na yashe a ƙasa, an kuma karya wa matashin gawon nan kai don a ba tumaki ganye. Zai sake toho, amma shekara guda ta tafi. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma nema ba, don duk wanda ya yi itace ko abincin dabba yake nema, ba mugunta ba. Matsalar ita ce a garinmu da zarar an kwashe amfanin gona, itacen da ke cikinta na kowa ne. A Nijar ma aikin bai kankama ba sai da ƙauyuka suka kafa doka a tsakaninsu, malaman daji kuma suka daina cin tarar manomi a kan itacen da ya raina da hannunsa. Gona ɗaya mai itace a tsakiyar gonaki ƙwal ba za ta tsira ba.

Mun je wurin mai unguwa, ni da Yaya da maƙwabtanmu biyu da suka ce za su bar nasu kututturen bana. Baffa ne ya yi mana jagora, shi ya yi magana. Mai unguwa ya ce zai tara masu gonakin yankin da Arɗo bayan sallar Juma'a mai zuwa, a ji ta bakin kowa, har da mata masu itace, a ga ko za a yarda cewa itacen da aka ɗaura wa ƙyalle ba a taɓa shi sai da izinin mai gona. Kafin nan Yaya zai nemo samarin diga, ni kuma in ji nawa amalanken taki yake bana.